Tsohuwar Mota Mai Miƙaƙƙen Gatarin Gaba: Riba da Asarar Hawanta Kullum

A kan tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda ƙasa ta ɗaga sama da kimanin mita 1,600, akwai hanyoyin da ƙaramar mota ba ta kusantarsu idan damina ta kankama. Daga Gembu da Nguroje zuwa ƙauyukan da ke kan iyaka da Kamaru, abin da 'yan kasuwa suka daɗe suna dogara da shi wajen fito da masara da dankali da ayaba kasuwa shi ne tsofaffin motocin Land Rover, waɗanda da yawa daga cikinsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. A Ingila, inda aka zana su, irin waɗannan motoci sun zama kayan tarihi da masu hali ke killacewa a gareji, sai ranar hutu a fito da su a sha iska. A Mambila kuwa jari ne da ke fita nema kowace safiya.

Abin da ya ba waɗannan motoci tsawon rai ba ya jikin fenti ko kujera. Yana can ƙarƙashinsu, wani miƙaƙƙen ƙarfe ne da ya haɗa tayoyin gaba guda biyu, wanda makanikai ke kira aksul, direbobi kuma ke ce masa gatari. Tun da tsadar sababbin motoci ta sa mallakarsu ta gagari matsakaitan 'yan kasuwa, an samu masu tambayar ko ya dace mutum ya mai da irin wannan tsohuwar mota abin hawansa na yau da kullum. Amsar ta dogara ne kan hanyar da mai motar zai riƙa bi, da kuma irin kulawar da zai iya ba wannan ƙarfe guda.

Yadda ƙarfen ke aiki

A tsarin miƙaƙƙen gatari, tayar dama da ta hagu suna ɗaure ne a bakin ƙarfe ɗaya, shi kuma ƙarfen yana rataye a ƙarƙashin mota ta hanyar sifirin, galibi mai falle-falle. A kowane baki akwai wata ƙusa mai kauri da ake kira kinfin, wadda a kanta taya ke juyawa dama ko hagu idan aka murza sitiyari. A motar da tayoyin baya kaɗai ke turawa, gatarin gaba tsagwaron ƙarfe ne wanda aikinsa ɗaukar nauyi kawai. A mota irin Land Rover, wadda ke iya ja da ƙafa huɗu, gatarin bututu ne mai tulun giya a jikinsa, da sanduna a ciki masu kai ƙarfin inji ga tayoyi.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Sassan da ke motsi kaɗan ne, saboda haka abin da zai lalace ma kaɗan ne. Komai nauyin lodin da aka yi wa mota, tayoyin gaba na nan a tsaye yadda aka saita su, kuma tazarar da ke tsakanin gatari da ƙasa ba ta raguwa, domin jikin mota ne ke sauka a kan sifirin, gatarin kuwa yana kan tayoyinsa. Idan taya ɗaya ta hau dutse, sai ƙarfen ya karkata ya danna ɗayar ƙasa, ta haka motar ke ci gaba da kama hanya a inda wata za ta tsaya tana wulwula taya a iska. Wannan ne ya sa har yau manyan motocin dakon kaya kusan duka da miƙaƙƙen gatari suke fitowa. Shi ne a ƙarƙashin Mercedes 911 da aka gina motocin molue na Legas a kanta, shi ne kuma a ƙarƙashin Bedford da aka yi bolekaja da ita tun kafin nan.

Aibinsa ma daga nan ya taso. Tun da ƙarfe ɗaya ne, duk ramin da taya ɗaya ta faɗa sai 'yar uwarta ta ji a jikinta. Gatarin yana da nauyi, kuma nauyin nasa ba a kan sifirin yake ba, don haka idan mota ta yi gudu a kan gargada sai ya riƙa tsalle, tayoyi su kasa manne wa ƙasa yadda ya kamata. Bugu da ƙari, yana buƙatar fili ya hau ya sauka a ƙarƙashin inji, abin da ke tilasta a ɗaga mota sama, motar da ta yi tsayi kuwa ta fi saurin karkata a kwana.

Daga Ford zuwa Land Rover

Masana'antar ƙera motoci ta fara ne da wannan tsari, wanda ta gada daga keken doki. Motar Ford samfurin Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, tana da miƙaƙƙen gatari da sifirin guda da aka gitta a kansa. A lokacin mafi yawan hanyoyin karkarar Amurka na ƙasa ne, kuma manomi na iya gyara motarsa a bayan gida, ko ya kai wa maƙerin ƙauye. Da kwalta ta yawaita, injuna suka ƙara gudu, sai buƙatar masu saye ta sauya. Kamfanin Lancia na Italiya ya fito da samfurin Lambda a 1922 da tsarin da kowace ƙafar gaba ke hawa da sauka ita kaɗai, sa'an nan General Motors ya shigar da irin wannan tsari cikin motocinsa a 1934. Henry Ford, wanda aka san shi da riƙo da abin da ya saba, bai bi sahu ba. Ƙananan motocin kamfaninsa na Amurka sun ci gaba da fitowa da miƙaƙƙen gatari har zuwa samfurin 1948, kuma sai a samfurin 1949, bayan rasuwarsa, aka yi watsi da shi. Birki mai aiki da mai ma sai a 1939 Ford ya karɓe shi, shekaru bayan abokan hamayyarsa.

A Amurka waɗannan tsofaffin Ford ɗin, musamman Model A da samfurin 1932, su ne abin sha'awar masu gyara tsohuwar mota su sa mata babban inji, kuma a cikinsu akwai masu zuwa aiki da su kullum. Abin da gogewarsu ta nuna shi ne, miƙaƙƙen gatarin da aka saita daidai yana tafiya lafiya lau a kan kwalta, wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi kuwa yana iya zama ajalin mai shi.

A daidai shekarar da Ford ke sallama da wannan tsari ne kamfanin Rover na Ingila ya rungume shi. An fara nuna Land Rover a bikin baje kolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilun 1948. 'Yan uwa biyu, Maurice da Spencer Wilks, su suka jagoranci aikin, kuma sun ɗauki darasi daga motar jif ta sojojin Amurka. Saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi bodinta da gauran alminiyum, wanda ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, abin da daga baya ya zama ɗaya daga cikin dalilan daɗewarta. Samfuri na biyu ya fito a 1958 da injin fetur mai lita 2.25, na uku kuma a 1971, aka ci gaba da ƙera shi har 1985. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin gatarin gaba da na baya, da doguwa mai inci 109, wadda ita ce 'yan kasuwa suka fi so saboda ɗaukar kaya.

A Nijeriya Land Rover ta shigo ne a matsayin motar hukuma: ta jami'an mulki, ta 'yan sanda, ta malaman gona da na asibiti da ma'aikatan gandun daji. Daga ƙarshen shekarun 1970 har harhaɗa ta aka yi a masana'antar Leyland da ke Ibadan, a zamanin da Peugeot ke Kaduna, Volkswagen ke Legas, Steyr ke Bauchi, ANAMMCO kuma ke Inugu. Idan ba a manta ba, shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari talaka da ma'aikaci, masana'antun harhaɗa motoci suka shiga halin ni-'yasu, kasuwa ta koma hannun motocin tokunbo. A wannan yanayi ne tsofaffin Land Rover da hukumomi suka yi gwanjonsu suka samu sabuwar rayuwa a hannun 'yan kasuwar karkara, waɗanda ba su da halin sayen sabuwa, kuma babu wata mai araha da za ta iya bin hanyarsu.

Ba Mambila kaɗai ke da wannan labari ba. A yankin Darjeeling na Indiya, Land Rover na shekarun 1950 sun shafe shekaru da dama suna haya daga garin Maneybhanjang zuwa ƙololuwar Sandakphu mai tsayin mita 3,636. A tsaunukan Cameron na Malesiya manoman kayan lambu sun daɗe da su, a yankin noman kofi na Kolombiya kuma tsofaffin jif ƙirar Willys ne ke wannan aiki. Ko'ina dalilin ɗaya ne: tudu, taɓo, kaya mai nauyi da ƙarancin jari.

Abin da direba zai tarar

Wanda ya saba da motar zamani, ranar da ya fara tuƙa tsohuwar Land Rover zai ga kamar sabon koyo ne. Sitiyarin ba shi da na'urar sauƙaƙa murzawa, don haka juya mota a tsaye ko a cikin cunkoson kasuwa aikin ƙarfi ne, kuma doguwar tana buƙatar fili mai faɗi kafin ta yi kwana. A kan miƙaƙƙiyar hanya ba a sakin jiki, domin tsakanin hannun direba da taya akwai akwatin sitiyari, da sanduna, da wani maɗauri da ke cikin ƙarfen gaban shasi, da gaɓoɓi da dama, kuma ɗan sako-sako a kowannensu yana taruwa ya zama babba a hannu. Shi ya sa ake ganin direbobinsu kullum suna ɗan karkaɗa sitiyari hagu da dama ko da hanya a miƙe take. Samfuran da suka gabaci na 1971 kuma ba su da abin daidaita giya ta ɗaya da ta biyu, sai direba ya taka kuloci sau biyu kafin giya ta shiga ba tare da ƙara ba.

Gudun da motar ke jin daɗinsa bai wuce kilomita 80 a awa ba. Tana iya wuce haka, amma ƙara da zafi da shan mai za su sa mai ita ya sassauta. Wannan ba matsala ba ce a hanyar burji, inda babu mai iya yin rabin wannan gudun. A babbar hanyar Legas zuwa Ibadan kuwa, ko ta Abuja zuwa Lokoja, motar da ke tafiya a hankali a tsakiyar masu tsala gudu tana cikin haɗari ita kanta.

Birki shi ne wuri na biyu da ake buƙatar sabon hali. Duka ƙafafun huɗu birki mai ganga ne, wanda ba ya saita kansa, sai makanike ya riƙa matse shi lokaci lokaci. Idan aka tsallaka rafi ruwa ya shiga gangar, birkin kan ɗauke na ɗan lokaci har sai an taka shi a hankali ya bushe. Idan kuma aka daɗe ana taka shi a gangare, zafi kan kashe kaifinsa. Duk direban da ya san gangaren da ke saukowa daga saman Mambila zuwa Mayo Selbe ya san cewa da giya ake sauka, birki na taimako ne kawai. Ƙari a kan haka, tsofaffin samfuran layin man birki ɗaya gare su, wato idan bututu guda ya fashe, duka ƙafafu huɗu sun rasa birki a lokaci ɗaya.

Sai kuma babbar cutar miƙaƙƙen gatari, wato rawar sitiyari. Yadda take faruwa shi ne, mota na cikin tafiya sai taya ɗaya ta daki rami ko gaɓar gada. Maimakon girgizar ta mutu nan take, sai ta bi ƙarfen ta kai ga ɗaya tayar, ita kuma ta maido mata, tayoyin biyu su shiga kaɗawa hagu da dama da sauri, sitiyari na fizgar hannun direba, gaban motar duka na makyarkyata. Amurkawa na yi wa wannan laƙabi da girgizar ajali. Ba ta tsayawa sai an rage gudu sosai, kuma masu gogewa na gargaɗin kada a danna birki da ƙarfi a wannan hali, a ɗaga ƙafa daga totur ne kawai, a riƙe sitiyari da kyau, a gangara gefen hanya. Ba tsofaffin motoci kaɗai ke fama da ita ba. A 2019 kamfanin da ke ƙera Jeep Wrangler sai da ya raba wa masu sababbin motocin wani sabon shokozoban sitiyari kyauta saboda koke-koke a kan wannan rawa.

Abin lura a nan shi ne, rawar ba ta zuwa haka kawai. Kusan kullum akwai sako-sako a wani wuri: kinfin ya ci, ko gaɓar tayarod ta saki, ko boris ɗin taya ya yi wasa, ko bushin ɗin sifirin ya mutu, ko ƙusoshin da suka ɗaure gatari da sifirin sun kwance, ko kuma tayoyi ba su da balansin. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a ɗaura sabon shokozoban sitiyari a ce an yi magani. Wannan rufe ciwo ne da tsumma, domin abin da ya ci yana nan yana ƙara ci.

Akwai kuma ma'auni biyu da kowane mai irin wannan mota ya kamata ya sani. Na farko shi ne kwanciyar kinfin zuwa baya, wadda makanikai ke kira kasta. Ita ce ke sa mota ta riƙe miƙaƙƙiyar hanya, sitiyari kuma ya komo tsakiya da kansa bayan kwana. A tsohuwar Land Rover digiri 3 ne, masu tsofaffin Ford na Amurka kuwa sukan nemi digiri 5 zuwa 7. Idan aka ƙara wa sifirin falle don ɗaukar lodi, ko aka sa dogayen maratayai don ɗaga mota, gatarin kan mirgina kaɗan, wannan ma'auni ya ɓaci, mota ta fara yawo a hanya kamar mai neman abin da ya ɓata. Na biyu shi ne tsukewar gaban tayoyi, wadda a wannan mota ba ta wuce milimita 1.2 zuwa 2.4 ba. Ƙanƙanin abu ne, amma idan ya kauce, sabuwar taya kan cinye gefe guda cikin 'yan watanni.

Kulawar da ba ta son jinkiri

Motar zamani an ƙera ta ne ta yi dubban kilomitoci ba a leƙa ƙarƙashinta ba, sa'an nan idan abu ya lalace a cire shi ɗungum a sa sabo. Tsohuwar mota akasin haka take. Kayanta na jure gyara sau da yawa, amma tana son a duba ta a kai a kai. A bakin gatarin gaban Land Rover akwai wata ƙwallon ƙarfe mai sheƙi, wadda a cikinta gaɓar da ke juya taya take iyo a cikin man giya mai kauri. Idan tsatsa ko tsakuwa ta ɓata fuskar ƙwallon, sai robar da ke tare mai ta yage, mai ya tsiyaye, ruwa da laka su maye gurbinsa. Daga nan lalacewar kinfin da boris kwana kaɗan ne. Mai motar da ke duba man nan, da na tulun giya na gaba da na baya, da na akwatunan giya biyu, yana kuma ɗura giris a farfela, ya tsare kansa daga mafi yawan manyan gyare-gyare.

Wata ƙa'idar da sababbin shiga kan karya ita ce ta ja da ƙafa huɗu. A waɗannan samfura babu abin da ke raba gudu tsakanin gatarin gaba da na baya, don haka sandar nan mai jan kai da mai rawayan kai na taɓo ne da yashi da hawan dutse. Wanda ya bar motar a ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta yana murɗe sandunan cikinta ne da hannunsa. Sandunan gatarin baya ma an san su da karyewa idan aka cika lodi aka fizgi mota, shi ya sa direban da ya san aikinsa ba ya shiga daji ba tare da na ajiya ba. A nan ma tsarin na da ranarsa, domin ko sandar baya ta karye, ana iya sa ƙafa huɗu, gatarin gaba ya ja motar zuwa gari.

Bodin alminiyum kan yaudari mai saye. Mota na iya yin kyau a ido alhali shasinta, wanda na ƙarfe ne, ya ruɓe daga ciki, musamman ƙarfen da ya gitta a can baya, da wuraren da sifirin ke rataye, da bangon da ya raba inji da direba. A wuri mai yawan ruwan sama irin Mambila, ko mai iskar gishiri irin Legas da Fatakwal, wannan ne ya kamata a fara dubawa da guduma kafin a yi maganar kuɗi. Haka nan, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, don haka motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu tana buƙatar a bincika yadda aka yi aikin. Walda a jikin sandar sitiyari, ko gasa gatarin da ya lanƙwashe da wuta don a miƙar da shi, araha ce da ke iya ƙarewa a asibiti.

Lissafin kuɗi

Ta fuskar jari, tsohuwar mota ta riga ta gama faɗuwar daraja, saɓanin sabuwa da ke fara asara tun ranar da ta bar wurin dillali. Ba ta da kwamfuta, ba ta buƙatar na'urar gano cuta, kuma makaniken ƙauye da 'yan sifanu da jak zai iya sauke gatarinta ya mayar. Kayan gyaranta ma ba su yanke ba, domin a Ingila akwai kamfanonin da har yau ke ƙera kusan kowane sashe nata, har da sabon shasi. Sai dai da kuɗin waje ake sayensu, kuma tun bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, duk abin da ya tsallako teku ya yi tsada. Ga kuma jabun kaya, waɗanda a sashen birki da sitiyari ba ƙaramar barazana ba ce.

Inda lissafin ya fi ciwo shi ne wajen mai. Injin fetur mai lita 2.25 da ƙyar yake ba da kilomita 6 zuwa 7 a kan lita guda. Lokacin da ake sayar da lita ƙasa da naira 200, wannan abu ne da ake iya kau da kai a kansa. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashin ya tashi zuwa wajen naira 500, kuma a watan Oktoban 2024 ya haura naira 1,000 a Abuja. A misali, mai tafiyar kilomita 60 a rana zai sha lita 10 a tsohuwar Land Rover, alhali ƙaramar motar da ke ba da kilomita 12 a lita za ta sha lita 5. Idan aka ɗauki lita a naira 1,000, bambancin ya kama naira 5,000 a rana, wato naira 130,000 a kwanakin aiki 26. Ga mai ɗaukar buhuna daga ƙauyen da babu wata motar da ke shiga, kuɗin dako zai biya wannan har a samu rara. Ga ɗan kasuwar da zirga-zirgarsa daga gida zuwa kanti ce a cikin birni, asara ce tsagwaronta, sai dai in sha'awa ce yake biya wa, wannan kuwa wani lissafi ne daban.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin ciniki. Motar da aka zana a shekarun 1950 ba ta da jakar iska, ba a tsara gabanta ya lotse ya shanye ƙarfin karo ba, rufinta ba zai ɗauki nauyinta ba idan ta kife, kuma da yawa ba su da bel ɗin kujera na kirki. Ƙarfin da ake yaba mata da shi na jure wahalar hanya ne, bai shafi kare fasinja ba. Al'adar ɗora kaya a kan rufi, mutane kuma su hau kan kayan, tana ƙara ɗaga nauyi sama a motar da dama can doguwa ce. Wanda ya yanke shawarar hawanta kullum, mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne ya sa bel, ya mai da birki mai layi biyu, ya gyara fitilu, ya kuma sa tayoyi iri ɗaya a ƙafafu huɗu. A kasuwannin waje ana samun birki mai faifai da sifirin mai laushi da aka ƙera musamman don waɗannan motoci.

Wani ɓangaren da 'yan kasuwa ba su cika lura da shi ba shi ne darajar waɗannan motoci a ƙetare. Dokar Amurka ta sassauta shigo da motar da ta kai shekara 25, a Birtaniya kuma wadda ta haura shekara 40 tana iya samun afuwar harajin hanya da gwajin shekara-shekara, abin da ya ƙara wa tsofaffin Land Rover da Land Cruiser masu nema. A 2016 kamfanin Land Rover da kansa ya shiga sayen samfurin farko yana sabunta su don sayarwa. Sai dai masu sayen na neman motar da ke da injinta da shasinta da lambobinta na asali ne, alhali motar da ta yi shekara 40 tana dako galibi an sauya mata inji, an yi mata faci, an haɗa ta da sassan 'yan uwanta da suka mutu. Mai tsohuwar mota a ajiye da takardunta cikakku, ya kamata ya san abin da ke hannunsa kafin ya sayar wa 'yan gwangwan da kilo.

Su kansu masu ƙera motoci ba su yi sallama da miƙaƙƙen gatari baki ɗaya ba. Land Rover ta koma naɗaɗɗen sifirin a 1983 amma ta riƙe gatarin, har zuwa ranar 29 ga Janairun 2016 da Defender ta ƙarshe ta tsohon zubi ta fito daga masana'antar Solihull. Sabuwar Defender da aka nuna a 2019 kowace ƙafa da kanta take, haka ma gaban Mercedes G-Class na masu hali tun 2018. Amma Toyota na ci gaba da ƙera Land Cruiser 70, wadda ta fara fitowa a 1984, da miƙaƙƙen gatarinta, kuma ita ce abin hawan kamfanonin haƙar ma'adinai da ƙungiyoyin agaji a sassa da dama na Afirka. Suzuki Jimny da Jeep Wrangler na nan a kan tsarin, sa'an nan a 2022 kamfanin Ineos ya fara ƙera Grenadier, wadda aka zana don cike gurbin da tsohuwar Defender ta bari. Farashin waɗannan sababbi ya fi ƙarfin mai dakon masara daga ƙauyukan Mambila, kuma abin da ke karɓe masa ƙananan kaya da fasinja a 'yan shekarun nan shi ne babur, wanda ke bin inda ko Land Rover ba ta bi, sai dai ba ya ɗaukar buhu goma a tashi ɗaya.